Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Mai Martaba Sarkin Zazzau Kan Masu Haihuwar Fari

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli, da 'yan majalisarsa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ranka ya daɗe, ni talakanka ne, malamin makaranta. A cikin birni aka haife ni, amma tun da na yi aure nake zaune a gidan haya, ciki da falo, ta wajen Dakace. Bara Allah ya azurta mu da haihuwar fari, namiji. Yau yana rarrafe yana jawo duk abin da hannunsa ya kai, alhamdu lillahi. Amma saura ƙiris mu rasa shi kafin a raɗa masa suna. Asibiti bai yi mana nisa ba, kuɗin magani ma ba su gagare mu ba. Rashin sani ne ya kusa cin mu, nawa kafin na kowa. Na zaɓi in yi wannan magana a bainar jama'a saboda na tabbata ba gidana kaɗai abin ya taɓa ba.

Da daddare aka haife shi a asibiti, lafiya lau, washegari da azahar aka sallame su. Kafin su fito wata nas ta yi wa maiɗakina bayani, tana kwance a galabaice, rabin maganar ma ba ta shiga kunnenta ba. Ni a lokacin ina waje, ina biyan kuɗi ina neman Keke Napep. Ba wanda ya ce in shigo, ni ma ban ɗauka akwai abin da ya shafe ni a ciki ba. Kamar yadda aka saba a haihuwar fari, gidan iyayenta muka wuce da ita wanka.

Rana ta uku ta lura idon yaron ya yi ruwan ɗorawa. Ta tuna an taɓa faɗa musu a wajen awo cewa in an ga haka a koma asibiti. Ta faɗa wa mahaifiyarta, murya ƙasa-ƙasa. Hajiya ta ce shawara ce, babu jaririn da ba ya yin ta, a riƙa fitar da shi hantsi, a ɗiga masa jiƙo. Nan maganar ta mutu. Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin matsayin yarinya a kan ɗan farinta a ƙasar nan. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko nono sai an ce ta ba shi, ta karɓe shi kai a sunkuye. Wadda aka tarbiyyantar a kan haka, ta ina za ta buɗe baki ta yi wa uwar da ta haife ta musu a kan yaron? Sai a ce ba ta da kara. Ni kuwa iyakata zaure. In na zo in durƙusa in gaida surukai, in tambayi masu jego da baƙo, a ce lafiya lau, in tashi in koma cinikin rago da neman kuɗin goro da zanen suna.

Daren rana ta biyar wayata ta yi ƙara. Ita ce, ta laɓe a madafi tana magana cikin raɗa tana kuka. Tun la'asar yaron ya ƙi kama nono, jikinsa ya saki, in zai yi kuka sai wata 'yar siririyar ƙara. A daren na keta kunyar da ban taɓa ketawa ba, na shiga har tsakar gidan surukaina na roƙi a ba ni shi. Likitan da ya duba shi ya ce da mun ƙara kwana ɗaya ko biyu, shawarar na iya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma in ta taɓa ba ta gyaruwa: yaro ya tashi kurma, ko wuyansa ya ƙi tsayawa, ko ya kasa zama da kansa. Aka rufe masa ido aka kwantar da shi ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske, kwana biyar. Ranar suna an yanka rago, an yi addu'a a ƙofar gida, mai sunan yana gadon asibiti.

Likitan ya yi mini wata tambaya da ta ɗaure mini kai. Ya ce a ina muke ajiye kayan jaririn? Na ce a akwati, tun cikin yana wata bakwai aka jera su. Ya ce da kafur? Na ce da kafur mana. Sai ya bayyana mini cewa akwai yaran da ake haifa da wani rauni a ƙwayoyin jininsu, gado ne, ya fi yawa a maza, kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Irin waɗannan in suka shaƙi kafur ko ya taɓa jikinsu, ƙwayoyin jinin fashewa suke yi, shawara ta yi tsanani. Na yi digiri, maiɗakina ta yi NCE, babu ɗayanmu da ya taɓa jin wannan.

Ban rubuto don in kawo ƙarar surukata ba, Allah ya kiyaye. Ta haifi tara ta raine su. Kwana biyar ɗin nan a kan tabarma ta yi su a barandar asibiti, ba ta runtsa ba. Abin da ta gada ta yi, da zuciya ɗaya. Ga kuma abin da na fi so Sarki ya ji. Wata dattijuwar nas ta zaunar da ita ta yi mata bayani cikin girmamawa, tana ce mata Yaya, babu tsawa babu gori. Hajiya na komawa gida ta zazzage akwatuna kaf ta kwashe kafur. Yau duk gidan da aka haihu a layinsu, in ta je barka sai ta fito da jariri cikin haske ta buɗe idonsa ta duba. Ta riga ta tura biyu asibiti, kuma ba wanda ya ce mata uffan. Abin da matata ta sani ta kasa faɗa, Hajiya sau ɗaya take faɗa a miƙe.

To a nan gizo ke saƙar, ranka ya daɗe. Duk bayanin lafiyar da ake yi a wajen awo, mai ciki ake yi wa, ita ce kuwa mafi ƙarancin iko a ɗakin jego, balle a haihuwar fari. Wanda zai ce a tafi asibiti ko a bari sai gobe miji ne, kuɗin a aljihunsa suke, izinin a bakinsa yake. Wadda za ta ce a ba jariri ruwa ko a'a, a tatse dakashi a zubar ko a bar shi ya sha, kaka ce. Mai sa ƙarfe a bakin yaro wanzami ne, mai gashin cibi ungozoma. Su ne masu faɗa a ji, kuma su ne ba a taɓa zaunar da su an koya musu komai ba.

Ba na cikin masu cewa a yi watsi da al'ada. Goyon ciki da wankan gida hikima ce babba. Kakanninmu sun gane cewa yarinyar da ta haihu yau ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, suka ɗauke mata girki da wanki da hidimar miji har arba'in, suka ɗora dattijuwa a kanta ta koya mata riƙon jariri, da saɓa shi a kafaɗa ya yi gyatsa, da goyo. Ƙauri da yaji da kunu, duk don ta mai da jinin da ta zubar ne. A Ingila ma'aikaciya ake biya albashi ta riƙa leƙo mai jego a gida, ta yi kaɗan daga abin da gwaggo da inna ke yi mana kyauta. Makarantar tana nan da malamanta. Wasu darussan ne ke neman gyara, kuma wasu gyare-gyaren a nan Zariya aka fara gano su.

A shekarun 1970 likitoci biyu na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun lura da yawan matan da ake kawowa bayan haihuwa da kumburin ƙafa da haki da tari, zuciya ta gaza. Abin da suka gani a Zariya ya kai wajen mace ɗaya cikin kowace ɗari da ta haihu. Suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da wankan tafasasshen ruwa. Likitocin da suka biyo baya sun nuna akwai hannun rama da talauci da hawan jinin masu ciki a lamarin, amma dai har gobe in ana maganar wannan ciwo a littattafan likitanci akan ambaci sunan garin nan. Haka Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya daga 1976 zuwa 1979, aka buga sakamakon a 1985. Ya nuna matan da ba su je awo ba sai da abu ya ɓaci, da ƙananan 'yan mata masu cikin fari, su mutuwa ta fi ɗauka. Shekara arba'in ke nan. Ilimin da aka samo daga wahalar iyayenmu ya zaga duniya, amma bai gangaro daga asibitin koyarwa na Tudun Wada da Shika ya shiga zaurukan Kwarbai da Limancin Kona ba. Har yau in mai jego ta kumbura tana haki, akwai gidajen da za a ce wanka ne bai ratsa ta ba, a ƙara wuta. Ana ce wa garinmu birnin ilimi. Wannan abu yana ci mini rai.

Bari in dawo kanmu, mu maza. Saurayi in zai yi aure, kowa malaminsa ne. Za a lissafa masa lefe da sadaki da kayan gaisuwar iyaye, a masallatai da dama ma ba a ɗaurawa sai an ga takardar gwajin jini. Amma daga ranar da ciki ya shiga, shiru kake ji. Wata tara ina kai maiɗakina awo, in sauke ta a bakin ƙofa in wuce, in hango benci cike da mata in ji nauyin ko leƙawa. Babu babban da ya taɓa kirana gefe ya ce mini: in ka ga jini ya ƙi tsayawa yana jiƙa zane, ko ta ce kanta na sarawa tana gani dishi-dishi, ko zazzaɓi ya rufe ta, kada ka jira gari ya waye. Babu wanda ya ce mini jariri in ya ƙi nono, ko numfashinsa ya kai sittin a minti ɗaya, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko cibiya ta yi ja tana wari, maganar asibiti ce a sa'ar nan. Ban san cewa akwai man cibiya da asibiti ke bayarwa, wanda ya hutar da mu daga toka da makilin da man zafi ba. Ban san cewa nonon uwa kaɗai ya wadatar har wata shida, ko a tsakiyar bazara, domin mafi yawansa ruwa ne ba. Ranakun rigakafi ma, ranar haihuwa, sati 6, sati 10, sati 14, wata 9, wata 15, a jikin kati na fara ganinsu bayan an sallame mu daga asibiti.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a duba mai jego da jaririnta sau huɗu: a ranar farko, da rana ta uku, da tsakanin kwana 7 zuwa 14, da sati na shida. Rana ta uku, ranka ya daɗe. Ranar da idon ɗana ya sauya. Mu kuwa a wajenmu mai jego ba ta taka ƙofar gida sai ta yi arba'in. Ke nan ko dai ma'aikaciya ta zo gidan, ko kaka ta yarda a fita, ko uban ya san abin da zai duba da idonsa. A gidanmu ba a sami ko ɗaya ba.

Addininmu bai ware uba daga wannan ba. Ayar da ta ce a shayar shekara biyu cikakku, ta 233 a Suratul Baƙara, ita ce ta ɗora ci da tufatar mai shayarwa a kan uban yaro. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama. Da ya sumbaci Hasan, wani ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai ya amsa masa cewa wanda ba ya jinƙai ba a jinƙansa. Tun 2021 Gwamnatin Tarayya ta ba ma'aikatanta maza hutun kwana 14 in matansu sun haihu. Hutun zai yi amfani ne in angon ƙarni ya san abin da zai yi da shi bayan karɓar 'yan barka.

Akwai kuma abin da ba a faɗa. Bayan an sallame mu, maiɗakina ta canza. Ko yaro ya yi barci ita ba ta yi. Sai in tarar tana hawaye babu dalili, tana cewa ita ta jawo, da ta yi magana da ƙarfi da hakan bai faru ba. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce baki ne, wata ma ta ce rashin godiyar Allah ne tunda yaro ya tashi. Mun yi addu'a, kuma muna kan yi. Amma sai da aka yi wata biyu kafin in gane cewa ciwo ne da likitoci suka sani, damuwar da ke kama mata bayan haihuwa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa yana taɓa kusan mace ɗaya cikin biyar, kuma yana jin magani. Da muka ga likita, da na fara karɓar yaron da daddare don ta samu barcin awa huɗu a jere, da mahaifiyarta ta ce mata da bakinta ba laifinki ba ne, sai ta fara dawowa. Wata biyun nan ita kaɗai ta ɗauke su, muna kewaye da ita.

Mu ma ke nan da muke da Hajiya. Zariya ta yau cike take da masu haihuwar fari da ba su da kowa a kusa: ɗaliban Samaru da Kongo, da na kwalejin da ke ɗauke da sunan mahaifinka, da matan ƙananan sojoji a bariki, da 'yan kasuwar Sabon Gari da danginsu ke wata jiha. A gidan da nake haya an taɓa ƙwanƙwasa mana ƙofa ƙarfe biyu na dare, wata yarinya ce riƙe da jaririn kwana goma, nononta ya kumbura ya yi tauri, ita kuka shi kuka, mijin na tsaye bai san abin yi ba. Irin waɗannan malaminsu waya ce. Abin da mai tallar magani ta faɗa a TikTok, da abin da yaron kemis ya miƙo, shi ne karatunsu.

Wani zai ce me ya sa ban rubuta wa kwamishinan lafiya ba. Saboda kwamishina na iya gina asibiti, amma maganarsa ba ta shiga ɗakin kaka. Taku tana shiga. Mun gani a yaƙin shan inna. Sai da sarakunan Arewa suka kafa kwamitinsu a 2009, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka bi gida gida, sannan ƙofofi suka buɗe, har aka kai watan Agusta na 2020 aka ce an rabu da cutar. Kuma ba a haihuwa a unguwa mai unguwa bai ji ba, ba a suna liman bai zo ba. Hanyar tana nan a shimfiɗe.

Roƙona na farko, kuma in shi kaɗai aka yi na gode, a kira kakanni. Zariya na da nas-nas da ungozomomin asibiti da suka yi ritaya, sa'o'in su Hajiya ne, tare suke zuwa biki da ta'aziyya. A haɗa su ko sau ɗaya a wata, a Islamiyyar matan aure ko a gidan mai unguwa, su yi hira ta manya. Kada a turo musu yarinya da farin kaya ta ce musu jahilai. A fara da jin abin da suka sani, don sun san da yawa, sannan a ce Yaya wannan a riƙe, wannan kuwa an gano yana cutarwa.

Limamai su ɗauki maza. Wanda ya ɗaura aure shi ya fi cancanta ya kira angon bayan watanni ya tambaye shi ina aka kwana. Zama ɗaya a wata bayan isha'i, da ma'aikacin lafiya namiji a gefen Malam, inda matashi zai yi tambayar da ba zai iya yi wa mahaifinsa ba. Shugabannin coci-coci na Wusasa da Sabon Gari su ma talakawanka ne, kuma matasansu na cikin irin wannan duhu.

Sarkin Aska ya tara wanzamai. Aski ranar suna ba wanda ya ce a bari. Cire beli ne likitoci ke ta kuka da shi, saboda zubar jini da ƙwayoyin cuta da ke bin ƙarfe, ga jariri ya kasa tsotso. Wanzami yana ganin jariri a makonsa na farko, da kusa, cikin hasken safiya. In ya iya gane shawara ya ce a tafi asibiti, ya ceci ran da likita bai ma san da shi ba.

Sai kuma fada ta yi magana da Hukumar Lafiya Matakin Farko ta Jihar Kaduna da shugabannin ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari. A ware rana ɗaya ta awo da za a ce miji ya shigo, a ba shi kujera. Kada a sallami mai haihuwar fari sai an yi bayanin a gaban mijinta ko wadda za ta yi mata wanka. A sami mai leƙa gida a rana ta uku. Garin da ke horar da likitoci da nas-nas kowace shekara bai kamata ya rasa masu wannan zagaye ba.

Mu a masallacinmu mun fara ɗan abin da za mu iya. Mu bakwai ne, huɗu matansu na da ciki, muna zama daren Juma'a da wani maƙwabcinmu ma'aikacin asibiti. Makon jiya wani ya zo da katin awon matarsa a aljihu, ya ce a karanta masa abin da aka rubuta. Da na gaya wa Hajiya zan rubuta wannan takarda, ta ce in sanar da Sarki cewa duk ranar da fada ta kira kakanni, ita za ta fara tashi ta ba da labarin jikanta da bakinta.

Allah ya taimaki Sarki, ya zaunar da ƙasar Zazzau lafiya.

Talakanka mai biyayya,
Wani uban ɗan fari,
Zariya.